Tarihin Yaƙi da Kuturta a Nijeriya da Sauran Aikin da ya Rage

Duk wanda ya yi wayo kafin shekarun 1980 ya san cewa da wuya a sami babban gari a ƙasar Hausa da ba shi da unguwar kutare da Sarkin Kutare. A wancan zamani wasu na cewa gadon cutar ake yi, wasu su ce haɗa kifi da nono ke kawo ta, wasu kuma su ce sakayyar rantsuwa ce a kan ƙarya. Alhali kuwa ƙwayar cuta ce, wadda wani likitan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya gano a 1873. Tana yaɗuwa ne ta numfashi bayan doguwar cuɗanya da wanda bai fara shan magani ba, kuma kimanin mutum 95 cikin 100 jikinsu na iya kare kansa daga gare ta.

A zamanin Turawa, dabarar farko ita ce keɓe masu cutar. An buɗe zangon Garkida a 1929, sannan a ƙarshen shekarun 1930 aka danƙa wa mishan kula da zangunan Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato, da Molai kusa da Maiduguri. Maganin lokacin allurar man wani icce ne na ƙasar Indiya, ga zafi ga ƙarancin amfani. Saboda haka galibi mutum ba ya zuwa zango sai ya riga ya nakasa.

Sauyi ya fara ne a ƙarshen shekarun 1940, sa'ad da likitocin Uzuakoli a Gabashin Nijeriya suka tabbatar cewa ana iya haɗiyar ƙwayar dafson a warke. A shekarun 1950 aka baza rabon ta a ƙananan asibitocin karkara na Jihar Arewa, mai ciwo ya karɓi magani yana zaune a gidansa. Da cutar ta fara bijire wa dafson, sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku a 1981. Ana shan su wata 6 ko wata 12, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su.

Nasarar da ta biyo baya babba ce. A 1989, shekarar da aka kafa shirin ƙasa na yaƙi da tarin fuka da kuturta, kusan mutum 200,000 ne ke cikin rajista. A 1998 Nijeriya ta kai mizanin da ake kira kawar da cutar, wato ƙasa da mutum 1 cikin 10,000.

To, a nan ne jama'a da dama suka yi wa alƙaluma gurguwar fahimta. Rajista ta ragu ne musamman domin ana sallamar mutum bayan watanni, maimakon shekarun da ake kwashewa a da. Sababbin kamu ba su tsaya ba. Daga 2010 zuwa 2019 an riƙa gano tsakanin mutum 2,000 da 4,000 kowace shekara, har da yara, wanda ke nuna cutar na yawo cikin gidaje. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne, a waɗannan shekaru fiye da mutum 1 cikin 10 sun isa asibiti ne da nakasa bayyananniya a hannu, ko ƙafa, ko ido.

Dalilin nakasar shi ne jinkiri. Cutar kan ɓuya shekara 5, wani lokaci har 20, kafin ta fito a matsayin tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Sai a ɗauka kyasfi ne ko makero. Wanda ya yi zargi kuma ya rufe da riga, don gudun a fasa auren 'yarsa ko a ƙaurace wa sana'arsa. Kafin a ankara ta ci jijiyoyi, mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai ji ba, gyambo ya shiga, yatsu su lalace. Magani yana kashe ƙwayar cutar, amma ba ya mayar da yatsan da ya tafi.

Ya ku 'yan'uwa mazauna birane, ku ne ake jin maganarku idan kun zo gida da salla ko biki. Wanda kuka gani da irin wannan tabo, ku raka shi asibiti, ku sa a duba mutanen gidansa. Ku shaida wa dangi cewa wanda ya fara shan magani ya daina yaɗa cutar, don haka babu dalilin ware masa ƙwarya. Ina kuma ba kwamitin lafiya na ƙungiyarmu shawarar ya sanya duba fata cikin gangamin lafiyar da yake shiryawa a gida, a fara da makarantun firamare da na allo. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ƙara mana lafiya da zama lafiya.