'Yan Matan Sin da Sana'ar Tallar Tufafi a Duniya

Sana'ar da zan yi magana a kanta a wannan ɗan taƙaitaccen tarihi ita ce wadda mace za ta sa tufafin da wani gwanin ɗinki ya ƙago, ta yi taku a gaban jama'a, ko a ɗauki hotonta a buga a mujalla, domin masu kuɗi su gani su saya. Talla ce dai, amma ba ta faranti a ka ba. Abin da nake so mai karatu ya gani shi ne yadda 'yan matan ƙasar Sin suka shiga wannan sana'a daga baya, suka kai ƙololuwarta, da kuma irin ƙayar da ke kan hanyarsu.

A zamanin Juyin Al'adu na Shugaba Mao, watau daga 1966 zuwa 1976, ado abin zargi ne a Sin. Maza da mata riga iri ɗaya suke sawa, shuɗiya ko mai ruwan toka ko koriya irin ta soja. Da Deng Xiaoping ya buɗe ƙofar ƙasar ga ciniki a ƙarshen 1978, sai wani Bafaranshe mai suna Pierre Cardin ya yi wuf ya shiga. A 1979 ya yi nunin tufafi a birnin Beijin, amma da 'yan matan da ya zo da su daga waje, kuma ma'aikatan hukuma da na masaƙu ne 'yan kallo. A 1980 kamfanin tufafi na Shanghai ya kafa rukunin farko na 'yan ƙasa, aka tsinto su daga cikin ma'aikatan masana'antu. Ko sunan sana'ar ba a yarda a kira su da shi ba, sai aka ce da su masu wasan nuna tufafi, domin iyaye da yawa suna ganin abin kunya ne.

Wadda ta cancanci a tuna da ita a nan ita ce Song Huai-Kuei, wakiliyar Cardin a Sin. Ita ta riƙa nemo dogayen samari da 'yan mata tana koya musu taku, suka yi nuni a 1981, sa'an nan a 1985 aka tafi da wasunsu Faris.

To, amma zuwa Faris daban, samun gindin zama daban. Sai wajen shekarar 2000 Lu Yan, 'yar lardin Jiangxi, ta yi suna a can. Abin mamaki, a gida ana cewa ba ta da kyau saboda ƙananan idanunta, Turawa kuwa wannan fuskar suke so. Mai karatu ya riƙe wannan batu, domin zai sake ɓullowa.

Shekarar 2005 ce ta canza al'amari. A watan Satumba aka fara buga mujallar Vogue ta Sin, a watan Oktoba kuma Du Juan, wadda rawar bale ta koya a Shanghai, ta fito a bangon Vogue ta Faris. Bayanta sai Liu Wen, haifaffiyar Yongzhou a lardin Hunan. A 2009 ta zama Basiniya ta farko da ta yi taku a nunin Victoria's Secret, a 2010 kamfanin Estée Lauder ya ɗauke ta tallar kayan shafe-shafensa, a 2013 kuwa mujallar Forbes ta sa ta ta biyar cikin masu samun kuɗi a sana'ar, da dala miliyan 4.3. A farkon wannan shekara Fei Fei Sun ta fito ita kaɗai a bangon Vogue ta Italiya.

Ni dai a ganina ba wai idon Turawa ne ya buɗe dare ɗaya ba. Aljihu ne ya yi magana. Bayan karayar tattalin arziki ta 2008 ciniki ya ja baya a Turai da Amurka, Sinawa kuwa suna ta saye, har ya zamana wajen 2018 kimanin sulusin kayan alatun duniya su ke sayensu. Wanda ke son ya sayar wa mutum jaka, dole ya nuna masa mai kama da shi riƙe da ita.

Wannan dalili da ya ɗaga su shi ne kuma ya sa su tsaka mai wuya, domin yarinya tana da iyayen gida biyu: kamfanin da ke biyanta, da jama'ar gida da ke sa mata ido. A Nuwamban 2018 kamfanin Dolce & Gabbana ya fitar da talla inda Zuo Ye ke fama da abincin Italiya da tsinken cin abinci na Sinawa. Jama'a suka ce raini ne, aka soke nunin kamfanin a Shanghai, ita kuma daga baya ta ce saura ƙiris sana'arta ta mutu, alhali kuwa ba ita ta tsara tallar ba. A Agustan 2019 Liu Wen ta yanke hulɗa da kamfanin Coach saboda wata riga da ta lissafa Hong Kong da Taiwan kamar ba ɓangaren Sin ba ne.

Batun idanu ma ya dawo. A 2021 mai ɗaukar hoto Chen Man ta nemi gafara bayan an zargi wani hotonta na kamfanin Dior da nuna Basiniya yadda Turawa suke son ganinta. Ke nan fuskar da ke samo aiki a Milan tana iya jawo zagi a Beijin.

Daɗin daɗawa, sana'ar ba ta da tsawon rai, shi ya sa manyan cikinsu suka nemi wata madafa tun da sauran ƙarfinsu. Du Juan ta shiga fim, Lu Yan kuwa a 2013 ta buɗe nata kamfanin ɗinki a Shanghai mai suna Comme Moi, ta koma ita ke ɗaukar 'yan mata aikin talla.