Shata ko Motar Haya? Tarihin Rokokin Ƙananan Taurarin Ɗan Adam

Yau sama za mu leƙa, amma fa zancen kasuwa ne.

A 1999 wasu malaman jami'a biyu a Kalifoniya, Bob Twiggs da Jordi Puig-Suari, suka fito da CubeSat, ɗan tauraro mai santimita 10 ta kowane gefe, don ɗalibai su riƙa haɗa nasu. Haɗawa ta yi sauƙi, to wa zai kai maka shi sama? Sai dai ka raɓa a rokar da aka yi wa babban tauraro, a tashi ranar da mai kaya ya ga dama, a sauke ka inda shi zai sauka.

Wannan giɓin 'yan kasuwa suka hango. SpaceX ya fara da ƙaramar roka, Falcon 1. Sau uku ana harbawa tana faɗuwa, sai a Satumba 2008 ta isa falaki. A 2009 ta kai wa Malesiya tauraronta RazakSAT, daga nan kamfanin ya jingine ta, ya koma kan babbar roka Falcon 9. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wanda ya nace wa ƙananan shi ne Peter Beck, ɗan New Zealand da ko jami'a bai yi ba. Ya kafa Rocket Lab a 2006, rokarsa Electron ta isa falaki a Janairu 2018. Tana ɗaukar kamar kilo 300. Wannan shata ce: kai za ka zaɓi rana da wurin sauka, a 2021 ana biyan wajen dala miliyan 7.

Kwatsam sai SpaceX ya dawo da motar haya. A Janairu 2021 Falcon 9 guda ta kwashi taurari 143, kujerar kilo 200 a kan dala miliyan 1. Don Allah wa zai ɗauki shata? Virgin Orbit, mai sakin roka daga ƙarƙashin fiffiken Boeing 747, ya karye a 2023. Rocket Lab ya sha, amma shi ma ya shiga ƙera babbar roka, Neutron.

Mu ma fasinjoji ne. NigeriaEduSat-1 na Jami'ar Fasaha ta Akure da GhanaSat-1, a Falcon 9 suka tafi tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a Yuni 2017, daga can aka sake su. Rahusar ta yi mana rana, ba musu. Abin da ke damuna shi ne masu jigilar da ke iya gogayya da SpaceX a farashi ba su da yawa, kuma tun 2022 ya fara ƙara kuɗin kujera.