Wanda Ya Tafi da Wadda Ta Zauna

 

Yau hirarmu ta tarihi ce, kuma a kan tafiya ce, irin tafiyar da mutum zai bar ƙasarsa ya je wata neman abinci ko neman tsira, wani lokaci ya dawo, wani lokaci shi ke nan. Na san da yawa daga cikinku ba ku taɓa wuce gadar Wudil ba sai da dalilin biki ko gaisuwa. To amma ki ƙirga a danginki, 'yar uwa. Da wuya a rasa wani a Kurmi, ko Makka, ko Sudan, ko Libiya. Ashe ke ma maganar ta shafe ki, don duk wanda ya tafi, akwai wadda ya bari a ɗaki.

Bari mu fara da hanyar yamma. Tun kafin zuwan Turawa, fataken ƙasar Kano suna ɗaure kaya a kan jakuna, kanwa da fata da baƙin rinin Kura, su bi madugu har Gwanja, a arewacin ƙasar da yanzu ake kira Gana, su sayo goro a kasuwar Salaga. Tafiya ce ta watanni. Wasu suka yi aure can suka zauna, kuma da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, sai suka bazu Kumasi da Akara. Har gobe unguwar baƙi a garuruwan Gana sunanta Zango, kalmarmu ce.

A cikin masu bin wannan hanya akwai wata mata 'yar kasuwa da ake kira Amarya, matar wani falke a Bebeji. Da mijinta ya rasu, ta tafi Akara da kasuwancinta, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwa mai suna Tata. Ɗaya daga cikin yaran shi ne Alhassan, wanda duniya ta sani da Alhassan Ɗantata, wato ɗan Tata. Shi ma da ya tasa ya bi sahun goro zuwa Gana, sannan ya dawo Kano ya shiga cinikin gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso, har ya zama attajirin da ba a yi kamarsa ba a zamaninsa. Aliko Ɗangote, wanda jami'ar nan ta Wudil ke ɗauke da sunansa tun 2022, ta wajen uwa jinin gidan ne. To ki duba, sunan da gidan ke amsawa yau na tsohuwar nan ne da ta zauna ta riƙe yara.

Sai hanyar gabas, wadda ta nufi Barno, kamar yadda titin Maiduguri ya ratsa garin nan namu. A 1903 Turawan Ingila suka ci Kano a watan Fabrairu, suka ci Sakkwato a watan Maris. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama a ƙarƙashinsu, ya yi hijira gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka bi shi, maza da mata da goyo. A Burmi Turawa suka cim masa, ya rasu a fagen yaƙi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ja waɗanda suka tsira har Sudan, suka kafa gari kusa da Sennar wanda ake kira Mai Wurno har yau.

Bayansu kuma maniyyata suka yi ta bin hanyar a ƙafa. Guzuri ya ƙare, sai a tsaya a yi ƙwadago, shekara ta zama biyar, biyar ta zama goma. Da aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira a 1925, hannun mutanenmu na cikin hannayen da suka yi ta tsinkar audugar da Sudan ta daɗe tana tinƙaho da ita. Wato ƙarfin da ƙasar Hausa ta rasa, Sudan ce ta ci moriyarsa. Haka abin yake a duk duniya. Yunwar da ta afka wa ƙasar Ailan daga 1845 ta kori mutum wajen miliyan 1, akasari zuwa Amurka, suka haƙa magudanai suka shimfiɗa layin dogo a can, ita kuwa Ailan har yau yawan jama'ar tsibirin bai koma yadda yake kafin yunwar ba.

Sai dai fa baƙo, kome daɗewarsa, ana iya tashi rana ɗaya a tuna masa shi baƙo ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙin da ba su da takarda mako biyu su fice. Mutanen da aka haifa can suka sayar da kadara a wulaƙance, suka hau akori-kura zuwa ƙasar da wasunsu ba su taɓa gani ba. Mu ma a 1983, zamanin Shagari, muka kori 'yan Gana wajen miliyan 1. Jakar nan mai zane-zane da kike zuba kayan wanki, da ake ce wa Gana-mas-go, daga nan ta samo suna. A Sudan ma, a 2022 rikicin ƙasa da sarauta ya ci rayukan Hausawa da maƙwabtansu a yankin kogin Nilu, ana ce musu baƙi bayan shekara fiye da 100.

A zamaninmu, kuɗin da 'yan Najeriya mazauna waje suka aiko gida a 2023 ya kai wajen dala biliyan 20. Da shi ake rufin ɗaki, a biya kuɗin makaranta, a sayi magani. Amma likitan da ya tafi Ingila, asibitinmu ne ya rasa shi, kuma mai naƙuda ce ke jira a layi. Hanyar ma ba kowa ke kai ƙarshenta ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawar mutum 92 a hamadar Nijar dab da iyakar Aljeriya, motarsu ta lalace, ƙishirwa ta gama da su. Kusan dukansu mata ne da ƙananan yara. Allah ya ji ƙansu.

Don haka 'yar uwa, in maigida ko ɗanki ya zo da zancen tafiya, ko wata ta shigo har ɗaki tana yi wa 'yarki romon bakan aikatau a Saudiyya, tambaya ba rashin kunya ba ce. Ina za a je? Wa zai karɓe shi? Da takarda ko ta ɓarauniyar hanya? Me aka bar wa gida kafin aike ya fara zuwa? In kuma Allah ya sa aiken ya zo, kada ya ƙare a anko da kwanukan jere. A ba yaro ya je kasuwar Juma'a ya sayo tunkiya, a sa wani a adashi, a riƙe karatun yara. Hausawa na cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Gidan Amarya dai bai bar ta ba, don ta bar Tata a ciki.

Allah ya tsare mana matafiyanmu, ya dawo da su lafiya, ya ba masu jira haƙuri. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.