Jiratawa da Gulbinta: yadda ruwa ya yi gari, yadda gari ke neman ruwa

Yau za mu leƙa kudu da Maraɗi, hanyar Madarumfa, mu tsaya Jiratawa. Mafi yawanmu mun san garin ta wajen zogala da tumatir da ke shigowa kasuwa da sassafe. Amma kaɗan daga cikinmu ke tambaya: mi ya zaunar da mutane a wannan wuri tun farko? Amsa ita ce Gulbi.

Gulbin Maraɗi ba namu ba ne mu kaɗai. Daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya biyo ta Jibiya, ya shigo Nijar wajen Nyelwa, ya ratsa ƙasar Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya koma Najeriya ya haɗu da ruwan Rima. Ba ya gudu duk shekara. Da damana yake cika ya malala cikin fadama, in kaka ta wuce ya janye ya bar rairayi. Wannan malala ita ce arzikin kakanninmu, don duk shekara tana zuba sabon laka a gona ba tare da an sayi taki ba, kuma tana cika ƙasa da ruwa har rijiya ba ta buƙatar dogon guga.

Tun kafin a kafa sarautar Katsina a Maraɗi akwai mutane cikin wannan kwari: manoma, mahalba da masunta, waɗanda ake ce ma Anna. Kowane gida da gadonsa, wani na noma, wani na ruwa, wani na daji. Kwarin kuwa a lokacin kurmi ne mai duhu, ba fili ba kamar yadda muke gani yanzu. Da jihadi ya ci birnin Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe suka watse. Mutanen kwarin nan ne suka yi tawaye, suka kira Ɗan Kasawa wajen 1819, ya zauna Maraɗi. Gobirawa su ma, bayan yaƙin Gawakuke na 1836, suka kafa Tsibiri bakin wannan Gulbi ɗin.

Kun ga ke nan kwarin ya yi aiki biyu: rumbu ne, kuma mafaka ce. Zamanin Ɗan Baskore da yaƙe-yaƙensa, ba mai iya yin nisa cikin daji ya yi gona shi kaɗai, sai a kama shi. Shi ya sa ƙauyuka irin su Jiratawa, Tarna, Sumarana da Safo suka jeru kusa da juna a bakin ruwa, kowa na jin kururuwar ɗan uwansa. Doki ba ya sukuwa cikin kurmi da taɓo, wannan kuwa kariya ce babba ga talaka.

Rayuwar ƙauyen a kan ƙasa iri biyu take. Sama akwai jigawa, inda ake shibka hatsi da wake da ruwan sama. Ƙasa akwai fadama, ta dawa da auduga da taba da rogo da dankali. In ruwa ya ja, sai a shiga garka, a gina rijiya, a ɗaura jigo, a yi albasa da tattasai. Mai gida na riƙe da gandu, matasa da mata na da nasu ƴan gonaki da suke nomawa in an tashi daga aikin gandu. Da rani makiyaya su sauko da bisashe su ci kara, su bar taki. Ba takarda a tsakani, amma kowa ya san haƙƙinsa.

Da Faransawa suka kama ƙasa, hare-hare suka ƙare, mutane suka fita daga kwari suka bazu cikin jigawa suna sarar daji. Haraji ya zo, gyaɗa ta zo, kuɗi suka shiga tsakanin uba da ɗa. Gulbin shi ma ya nuna ba a raina shi: a 1945 ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari, dole aka tashi aka koma bisa tudu, inda birnin yake a yau.

Sai fari ya biyo baya, na 1973 da 1974, sannan na 1984 wanda tsofaffinmu ke kira El Buhari, don ya zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A tsakanin waɗannan shekaru biyu masu wuya ne gwamnati ta kafa ONAHA a 1978, kuma a farkon shekarun 1980 aka gyara filin noman rani na Jiratawa, sama da hekta 500, da rijiyoyin burtsatse da fanfuna da magudanai. Aka rarraba ma magidanta, aka yi kwaferatif. Manomin da da yake jiran Gulbi ya kawo masa ruwa kyauta, yanzu sai ya biya kuɗin lantarki da na gyaran fanfo. Ya samu girbi fiye da ɗaya a shekara, amma ya san bashi.

Babban canji ya zo daga ƙetaren iyaka. Wajen 1990 Najeriya ta datse ruwan a Jibiya da madatsa mai ɗaukar kimanin mita kubik miliyan 140. A shekarar ce kuma ƙasashen biyu suka sa hannu a Maiduguri kan raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci, har da na Gulbin Maraɗi. Yarjejeniya tana nan a takarda. Amma manomin fadama ya san malalar da ta saba zo masa ta ragu, kuma inda malala ta ragu, laka ba ya sabuntuwa, rijiya na ƙara zurfi, kifi na ƙaranci.

To yau fa? Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, jikoki da yawa ke rabonta. Birnin Maraɗi na matsowa, masu kuɗi na sayen garake, ɗan mai gona na komawa ɗan ƙwadago a filin ubansa, ko ya kama kabu-kabu. Injin ban ruwa ya maye gurbin jigo, kowa na zuƙa daga tulu guda, ba mai auna abin da ya rage. Itatuwan bakin gaɓa da ke riƙe ƙasa an sare da yawa, ruwa na cin gona in ya zo da ƙarfi.

Ba muna cewa a koma zamanin jigo ba ne. Abin da tarihi ke nuna muna shi ne, Jiratawa da ƴan uwanta sun rayu ne don sun ɗauki ruwa da fadama a matsayin abin kowa, mai ƙa'ida. Wannan ƙa'ida ce ya kamata mu sake ɗaurawa: hukumominmu su riƙa tuna ma maƙwabta alkawarin Maiduguri, sarakuna da magadan gari su sa ido kan sayar da fadama, mu kuma mu dasa itace bakin Gulbi, mu zauna da tsofaffin da suka san inda ruwa ke kaiwa da can, tun suna raye.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya kare mu daga fari da ambaliya.