Cutar da Ta Yi Shigar Burtu: Tarihin Aktinomaikosis na Mara

A shekarar 1877 wani masanin cututtuka Bajamushe, Otto Bollinger, ya bayyana wata cuta mai kumbura muƙamuƙin shanu. Bayan shekara guda, likitan tiyata James Israel ya gano irinta a jikin mutum a birnin Balin. Da yake ƙwayar cutar tana yin zare-zare, masanan zamanin suka ɗauke ta a matsayin funfuna. Sai daga baya aka tabbatar bakteriya ce, mai zama lami lafiya a baki da hanji, har sai ta sami rauni ta kutsa cikin tsoka. Sunan Israel aka raɗa mata: Actinomyces israelii.

A wancan lokaci babu magani sai wuƙar likita da sinadarin aidin, kuma da yawa ba su tashi ba. Zuwan fenisilin a shekarun 1940 ne ya sauya al'amarin.

Cutar ta sake ɓullowa ta wata ƙofa bayan robar tazarar haihuwa da ake sakawa a mahaifa ta yaɗu a shekarun 1960. Likitoci suka fara cin karo da ita, jifa-jifa, a marar matan da robar ta daɗe a jikinsu. A 1976 Prabodh Gupta da abokan aikinsa a Amurka suka nuna ana iya ganin ƙwayar a gwajin bakin mahaifa.

Babban haɗarinta shi ne kamanni. Takan tara ƙurji mai tauri da ke manne wa hanji da mafitsara, mace ta rame, har a zaci ciwon daji ne. Mata da dama an cire musu mahaifa kafin gwaji ya nuna cewa magani kaɗai zai iya wadatarwa.

Wannan kuskure ne ya gyara hanyar jinya. A yau akan cire robar, a ba da fenisilin mai yawa ta jijiya na wasu makonni, sannan ƙwayoyi na tsawon watanni. Tiyata sai in ƙurjin ya gagara. An kuma fahimci cewa ganin ƙwayar a gwaji, ba tare da ciwo ba, bai nuna cuta ba, domin yawancin masu ɗauke da ita lafiyarsu ƙalau. Abin kiyayewa shi ne kada robar ta wuce wa'adinta, kuma kada a raina ciwon mara mai daɗewa.