Tarihin kaset mai tara waƙoƙin shekara

 Darasinmu na yau a kan faifai da kaset ne, irin wanda ake tara waƙoƙin da suka yi tashe a cikinsa.

A da, mai son jin waƙa sai ya je inda makaɗi yake, wajen biki ko dandali. In makaɗi ya rasu, muryarsa ta tafi ke nan. A shekarar 1877 wani mutumin Amurka, Thomas Edison, ya ƙera na'urar da ke ɗaukar murya. Daga baya aka samu garmaho. Faifan garmaho yana ɗaukar kamar minti 3 a kowane gefe, wato waƙa guda. A 1948 aka fito da babban faifai mai ɗaukar kusan minti 20 a gefe guda. Wannan ya sauƙaƙa tara waƙoƙi da yawa wuri ɗaya.

A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset. Kaset ba shi da tsada, kuma mai rikoda yana iya ɗaukar waƙa da kansa. Akwai na minti 60, akwai na minti 90. A ƙasar Madarunfa kaset ya yi ta shigowa ta hanyar Kano, Katsina, Jibiya da Ɗan Isa. Mutum ya je wurin mai kaset a kasuwa, ya ce a haɗa masa Mamman Shata, da Musa Ɗanƙwairo, da Ɗanmaraya Jos. Wasu kuma suna ɗauka daga rediyo, daga Muryar Sahel ta Yamai ko gidan rediyon Kaduna.

A Ingila kamfanoni ne suke wannan aiki. Tun 1983 suka soma jerin faya-fayai mai suna Now That's What I Call Music. Kowane faifai yana ɗauke da waƙoƙin da suka yi fice a lokacin, da sunan kowane mawaƙi a rubuce.

A wajenmu sau da yawa ba a rubuta kome a jikin kaset. Wannan ya jawo hasara iri biyu. Mawaƙi bai samu ko dala ba daga kwafin da aka sayar. Kuma bayan shekaru, ba a san mai waƙar ba, ba a san shekararta ba.

Ga misali. A 2008 Mdou Moctar, ɗan Nijar mai kaɗa gita, ya ɗauki waƙoƙinsa a Sakkwato. Waƙoƙin suka bi wayoyin salula har ƙasar Mali. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tara waƙoƙin da ake yayi a wayoyin mutane a can. Sai da ya sha wahalar nema kafin ya gano masu su. A 2011 ya fitar da faifai mai suna Music from Saharan Cellphones, da waƙar Mdou Moctar a ciki. Da sunan ya fito, sai aka soma gayyatar mawaƙin Turai da Amurka.

To, jama'a, Shata ya rasu a 1999, Ɗanmaraya a 2015. Muryoyinsu suna nan a tsoffin kaset cikin adakarmu. Zafi da ƙura suna lalata zaren kaset. Ku ajiye shi a inuwa. Tun da yanzu kun iya rubutu, ku ɗauki biro. Ku rubuta sunan mawaƙi, da sunan waƙa, da shekarar da kuka saya. Wanda kuka manta, ku tambayi dattawa tun suna raye. Ku kawo abin da kuka rubuta aji, malami ya duba.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.