Daga Guzurin Shekaru zuwa Hutun Mako Biyu: Tarihin Shirin Tafiya Jidda a Ƙasar Ikara, Maƙarfi da Kudan

Gabatarwa



A yau ba baƙon abu ba ne a ji magidanci mai hali a Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi yana shirin kai iyalinsa Umara, tare da ware kwana uku ko huɗu da za su yi a Jidda, su sha iskar teku, su shiga kasuwa, kafin su kamo hanyar gida. Kakannin wannan magidanci ma Jidda suka nufa, sai dai su sun yi lissafin tafiyar da shekaru ne. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda shirin wannan tafiya ya sauya a wannan yanki na arewacin ƙasar Zazzau cikin ƙarni ɗaya da 'yan kai. Abin da take son tabbatarwa shi ne, duk lokacin da hanya ta ƙara sauƙi, nauyin shiri yakan tashi daga kan ƙafa da guzuri ya koma kan niyya da halaccin dukiya.

Matsayin Jidda a tarihi

Jidda gari ne na bakin Bahar Maliya, mai zafi da gumi a mafi yawan shekara, sai a watannin Disamba zuwa Fabrairu iska kan yi daɗi. Tsakaninta da Makka tafiyar kimanin kilomita 75 ce. A shekara ta 26 bayan Hijira, Halifa Usmanu ɗan Affan, Allah Ya yarda da shi, ya mayar da ita tashar jiragen ruwan Makka a madadin Shu'aiba. Tun daga nan ta zama ƙofar da mafi yawan masu zuwa ta ruwa suke shiga Hijaz. A farkon ƙarni na 16 aka kewaye ta da ganuwa bisa umarnin Sarkin Misra Ƙansuhul Gauri, don tsoron farmakin jiragen Turawan Fotugal, kuma ganuwar tana nan har 1947 da aka rushe ta. Buɗe mashigin ruwa na Suwes a 1869 ya ƙara yawan jiragen da ke tsayawa a gaɓarta. Duk da wannan ɗaukaka, a idon alhajin da ya fito daga ƙasar Hausa, Jidda zango ce ta ƙarshe, wurin da ake sauka a biya haraji, a nemi raƙumi ko a kama hanya da ƙafa zuwa Makka.

Zamanin hanyar ƙasa

Ikara da Maƙarfi da Kudan suna kan iyakar Zazzau da Kano, kuma tsofaffin garuruwansu irin su Paki da Likoro sun daɗe da sanin ayarin fatake. Saboda haka maniyyaci daga nan ba ya rasa wanda zai bi. Buri na zuwa gabas tsoho ne a zukatan mutanen ƙasar Hausa. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, ya yi Hajji sau biyu. Shehu kansa Allah bai nufe shi da zuwa ba. Ƙanensa Malam Abdullahi ya taɓa ɗaura niyyar tafiya gabas a shekarun farko na jihadi, amma da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya karantar da su, a nan ya rubuta littafinsa Diya'ul Hukkam.

Abin da ya mayar da hanyar gabas ta zama ta talakawa shi ne zuwan Turawa. Bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira da jama'a mai yawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran mutane har ƙasar Sudan, inda suka kafa garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wannan gari da irinsa suka zama masaukin waɗanda suka biyo baya.

Hanyar da aka fi bi ita ce ta Barno, a ƙetare zuwa birnin da ake kira Injamena a yau, a bi ta Abeshe a ƙasar Wadai, a shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, a kai Al-Ubayyid. Daga 1912 jirgin ƙasa ya iso Al-Ubayyid, mai kuɗi sai ya hau zuwa Hartum, daga nan zuwa Sawakin a bakin teku. A Sawakin ake killace alhazai don duba lafiyarsu kafin a zuba su a jirgin ruwa zuwa Jidda. Waɗanda ba su iya biyan kuɗin takardu ba sukan zagaya ta wasu gaɓoɓi, su shiga ƙananan jiragen filafilai da dare. Da yawa sun halaka a ruwa, wasu kuma aka raba su da 'ya'yansu aka sayar, domin ba a haramta bauta a Saudiyya ba sai a 1962.

Shirin irin wannan tafiya shirin rabuwa ne. Maniyyaci yakan biya basussukansa, ya mayar da amanar da ke hannunsa, ya bi dangi da maƙwabta yana neman yafiya, ya yi wasiyya, ya danƙa gonarsa a hannun ɗan'uwa. Wani ya tafi da matarsa da 'ya'yansa, wani ya sawwaƙe mata don kada ya bar ta a rataye. Babban guzurinsa sana'arsa ce. Malami yana karantarwa a kowane zango, wanzami yana aski, maɗinki yana ɗinki, manomi yana ƙodago a gonakin mutane. Bayan an kammala madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai manomin Zazzau, wanda ya tashi cikin noman auduga, ya sami aikin da ya sani. Wasu sun tara kuɗin jirgi a damina biyu ko uku, wasu kuwa suka zauna har suka haifi jikoki suna kiran kansu matafiya. Su ne ake kira Fallata a Sudan, waɗanda suka ƙetare suka zauna a Hijaz kuma ake ce musu Takari.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a fiƙihun da aka karanta a zaurukan Zazzau. Alƙur'ani mai girma, a aya ta 97 ta Suratu Ali Imrana, ya rataya wajabcin Hajji a kan iko. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ya zo a Muhtasar na Shaihu Halilu, iko shi ne yiwuwar isa ba tare da matsananciyar wahala ba, tare da amincin rai da dukiya, ko da babu guzuri da abin hawa, matuƙar mutum yana iya tafiya da ƙafa kuma yana da sana'ar da za ta riƙe shi a hanya. Wasu mazhabobin sun sharɗanta guzuri da abin hawa. Wannan bambanci yana cikin dalilan da suka sa talakan ƙasar Hausa ya ga cewa farilla ta hau kansa ko da ba shi da taro a aljihu.

Zamanin mota da jirgin sama

Layin dogo da ya isa Kano a 1911 ya ratsa ƙasar Maƙarfi, tashar Gimi kuma ta haɗa manoman yankin da kasuwannin nesa. Kuɗin auduga da gyaɗa, daga baya na rake da mazarƙwaila, suka fara ba manomi damar tara kuɗin hanya tun daga gida. A 1921 Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya tafi Hajji ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila, ya dawo a cikin watanni. Wannan ya nuna wa sarakuna da attajirai cewa ana iya zuwa a dawo ba tare da an bar mulki ko kasuwa shekara da shekaru ba.

A 1948 wasu attajiran Kano, wato Alhaji Muhammadu Nagoda da Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa ƙungiyar jigilar alhazai da aka fi sani da WAPA, wadda har yau wata unguwa a Fagge ke amsa sunanta. Motocinta suka mayar da tafiyar shekaru ta koma ta watanni, daga baya kuma jirgin sama daga Kano ya mayar da ita ta sa'o'i. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya yi Hajjinsa na farko a 1955, kuma a 1957 aka tura Malam Abubakar Mahmud Gumi Jidda a matsayin jami'in kula da alhazan Nijeriya. A 1975 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, wadda hukumar NAHCON ta gada a 2006. Tun daga wannan lokaci shiri ya koma na takardu: fasfo, allurar rigakafi, biyan kuɗin kujera ta hannun jami'in alhazai na ƙaramar hukuma, halartar bita, sannan zaman jiran jirgi a sansanin alhazai na Mando a Kaduna.

A wannan zamani ne Jidda ta sami sabon matsayi a zukatan mutane. Alhazai sukan yi kwanaki a cikinta suna jiran jirgin dawowa, musamman bayan buɗe tashar alhazai ta filin jirgin Sarki Abdul'aziz a 1981, kuma a nan ake cika jaka da tsaraba. Daga nan aka sami 'yan kasuwar da ake kira 'yan Kano-Jidda, waɗanda ke zuwa saro kaya su dawo. Ciniki a lokacin Hajji halal ne da nassin aya ta 198 ta Suratul Baƙara, amma wannan ne karo na farko da Bahaushe ya fara nufin Jidda don ita kanta.

Zamanin Umara da hutu

A 2014 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Jidda, wanda ake kira Al-Balad, cikin wuraren tarihi na duniya. A 2018 aka buɗe jirgin ƙasa mai sauri na Haramaini da ya haɗa Makka da Jidda da Madina. A 2019 Saudiyya ta fara ba da bizar yawon buɗe ido, daga baya kuma ta tsawaita bizar Umara zuwa wata uku tare da izinin zagaya garuruwan ƙasar. A ɗaya ɓangaren, kuɗin kujerar Hajji da bai kai naira miliyan 3 ba a 2023 ya haura miliyan 8 a 2025. Ga manomi kuma akwai lissafin kalanda: watan Zulhajji yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a 'yan shekarun nan yana faɗowa a farkon damina, lokacin shuka da noman fari. Umara kuwa ana iya yin ta bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shiga kasuwa, yara suna hutun makaranta, zafin Jidda kuma ya sauka. Haɗuwar waɗannan dalilai ce ta haifar da tafiyar da ke rabin ibada rabin hutu.

Shan iska a bakin teku da kallon halittar Allah ba laifi ba ne, kuma faranta wa iyali rai abin lada ne. Sai dai akwai mas'aloli huɗu da mai wannan shiri ya kamata ya warware tun yana gida.

Ta farko ita ce fifiko. Umara sunna ce mai ƙarfi sau ɗaya a rayuwa a wajen Malikiyya, kuma sun karhanta maimaita ta a shekara guda. Ba ta sauke farillar Hajji, ko da an yi ta a watan azumi da hadisi ya tabbatar da falalarta. Tsanantawar da malamai suka yi game da sayar da dukiya ta shafi Hajjin farilla ne. Wanda ya sayar da fadamar gado, ko ya ci bashi, ko ya tauye ciyar da iyali don tafiyar nafila da hutu, ya gabatar da abin da ya kamata ya jinkirta.

Ta biyu ita ce miƙati. Wasu malaman Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ambaci cewa mai ƙetarowa daga Sawakin yana ɗaura harami a Jidda, domin yana isa gare ta kafin ya daidaita da wani miƙati. Game da mai zuwa ta jirgin sama kuwa, mafi yawan malaman zamani suna ganin Jidda ba miƙatinsa ba ce, zai ɗaura ne idan jirgi ya zo daidai da miƙati. Saboda haka wanda ya fito da niyyar Umara amma ya fara sauka a Jidda don hutawa ba tare da harami ba, sai ya koma miƙati ko jini ya hau kansa. Mafita mai sauƙi ita ce a fara da Madina ko a fara da Umara, a bar hutun a ƙarshe.

Ta uku ita ce sallar ƙasaru. Wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Jidda, hukuncin matafiyi ya yanke a kansa a mazhabar Malikiyya, sai ya cika sallarsa.

Ta huɗu ita ce cika alkawarin biza. Wasu sukan shiga da bizar ziyara su ɓuya har lokacin Hajji. A Hajjin 2024 hukumomin Saudiyya sun sanar da rasuwar mutum 1,301 a cikin tsananin zafi, kashi 83 cikin ɗari daga cikinsu ba su da izinin aikin, don haka ba su da tanti ko mota. Amincin rai sharaɗi ne na iko tun a littattafan farko.

Kammalawa

Mutumin Ikara ko Maƙarfi ko Kudan da ya bi ta Abeshe da Sawakin ba ya buƙatar a tambaye shi niyyarsa, domin babu mai ɗaukar wannan wahala don nishaɗi. Jikansa da zai isa Jidda cikin sa'a biyar shi ne yake buƙatar ya tambayi kansa, tun da sauƙin hanya ya sa ibada da kasuwanci da hutu sun shiga jaka ɗaya. Daga cikin shirin magabata akwai abin da jirgin sama bai soke ba, wato biyan bashi, mayar da amana, neman yafiya, barin abin da zai ishi iyali, da koyon hukunce-hukuncen tafiya kafin a fita. Yana da kyau malaman bita da limaman Juma'a na waɗannan ƙananan hukumomi su faɗaɗa karantarwarsu ta haɗa da masu Umara, waɗanda yawanci ke tafiya ta hannun kamfanoni ba tare da wata bita ba. Haka kuma ɗaliban tarihi su gaggauta tattara labaran sauran dattawan da suka bi hanyar ƙasa ko suka ji ta daga bakin iyayensu, kafin ƙasa ta rufe idanunsu. Allah Shi ne Mafi sani.